Shekarar da Des Ya Bar Makaranta

Tullabong,
9 ga Fabrairu, 1993

'Yar uwata Lurline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki Graham da 'yarku Kerryn kuna cikin ƙoshin lafiya. Glenys ce, 'yar Anti Merle ta Mishan, unguwarmu ta bayan gari, ƙanwar marigayi Des. Kakata Daisy da kakarki Ivy uwa ɗaya uba ɗaya suke, na faɗa ne kawai ko shekaru sun sa kin ruɗe. Adireshin nan na same shi a bayan katin da kika aiko mana lokacin da mahaifiyarki Anti Beryl ta rasu, yau shekara shida. Ban sani ba ko har yanzu kina can.

Mu dai muna nan. Mama ciwon suga ya cinye mata ido ɗaya, ƙafafu kuma sun kumbura, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Zafi ya yi yawa bana, kogi ya janye har yara suna tsallake shi da ƙafa. Ni kuwa ƙiba kawai nake yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ba lalle ki yarda ba, amma a tsohuwar sakandarenmu nake aiki yanzu. Da safe ina kantin ɗalibai ina shafa wa burodi bota, da rana in zauna da yaranmu na Murri, 'yan asalin ƙasar nan, waɗanda karatu ya yi wa tsauri. Ni da ban gama aji uku ba. Har mabuɗin ofis suka ba ni.

Makarantar za ta cika shekara hamsin a watan Oktoba, za a yi biki, za a kuma buga ɗan littafin tarihi. Mai kula da laburare ce ke haɗa shi, Malama Pettigrew, wata yarinya Baturiya daga Sydney, mai kirki da yawan tambaya. Ta zo min da rikoda ta ce, "Anti Glenys, ina so a ji muryar kowa." Na ce mata, "Yarinya, kowa ɗin nan yana da yawa fa." Ta yi dariya ta danna abinta.

Ta tambaye ni abin da na tuna na 1968, shekarar da Des ya bar makaranta, ke kuma kina shugabar ɗalibai. Na faɗa mata duk abin da na sani. Sunanki zai fito a littafin, shi ya sa na ga gara ki ji daga bakina. Tana kuma neman hotonki da kwat ɗin nan mai baji, in kina da shi.

Mama tana gaishe ki.

Taki,
Glenys

*

Geelong,
24 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga Glenys,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ban manta da ke ba. Muna lafiya. Graham yana nan a wurin aikinsa na gyaran injina, Kerryn ta shiga shekara ta biyu a jami'a, ni kuma ina gidan kula da tsofaffi, shekarata goma sha ɗaya ke nan a can. Ki gaishe min da Anti Merle, Allah ya ba ta sauƙi. Ki riƙa ɗora mata ƙafafun a kan matashi in ta zauna.

Maganar littafi. Ba ni da hoton. Mun tashi daga gida zuwa gida sau huɗu, abubuwa da yawa sun ɓace.

Glenys, ina roƙonki ki ce wa malamar ta cire sunana. Ba na jin akwai wanda zai amfana da shi. Shekara ashirin da biyar ne, mutanen da suka yi mulki a lokacin sun mutu ko sun tsufa, mu kuwa yara ne. Kin san yadda Mama ta rene ni. Graham ya san cewa kakata 'yar Sifaniya ce, haka Kerryn ma ta sani, don abin da aka faɗa wa kowa ke nan tun ina ƙarama. Ban taɓa gyara maganar ba. Ba na cewa daidai ne, ina faɗa miki yadda abin yake ne kawai.

Kin ce kin faɗa mata duk abin da kika sani. Ina so in san me da me.

In za ki rubuto, ki yi amfani da adireshin wurin aikina, na rubuta shi a ƙasa.

Lurline

*

Tullabong,
12 ga Maris, 1993

'Yar uwa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, an yi ruwa kwana biyu, sauro ya dawo da danginsa. Na faɗa wa Mama maganar matashi, ta ce in ce miki ba a asibiti take ba.

Ga wasiƙa ta wurin aikinki kamar yadda kika ce. Ki kwantar da hankalinki, ban faɗa wa kowa cewa jininmu ɗaya ba. Ban faɗa ba ina 'yar shekara goma sha uku, ba zan fara yanzu ba. Mun san dalilin Anti Beryl. A lokacin, yaron da fatarsa ta yi haske shi mutanen gwamnati ke fara ɗauka, ta ga an tafi da 'ya'yan maƙwabta a bayan mota. Ta auri Bature ɗan reluwe, ta koma cikin gari, ta rufe bakinta. Mama ma ta sha cewa da ita ce da haka za ta yi. Tun muna ƙanana aka gargaɗe mu cewa in mun gan ki a hanya mu kalli wani gefen.

Sunanki kuwa ba ni da ikon cire shi. Yana kan allon katakon nan na zaure da ruwan zinariya, daga can za su kwafa.

Kin tambayi me na faɗa. Ba wani abin da ba ki sani ba. Na faɗa mata layin baya, inda ake zaunar da mu kusa da ƙofa. Na faɗa mata safiyar Litinin, da ake jera 'yan Mishan a baranda ana bincikar kanmu da fensir ana neman kwarkwata, sauran yara suna leƙe ta taga. Na faɗa mata ranar Laraba ta ninkaya, da ake fesa mana ruwan tiyo a bayan gini kafin mu shiga, ƙarfe uku na yi a hura usur mu fito, don daga nan wurin ya koma na 'yan gari. Na ce shugabar ɗalibai ce ke tsayawa a ƙofa da takarda tana kiran sunayenmu. Ban ce kin ji daɗin aikin ba, ban kuma ce ba ki ji ba.

Malamar ta fara kuka. Na miƙa mata tsumman goge tebur, shi ne a hannuna. Ta ce, "Anti, ba kya jin haushi?" Na ce, "Da wane lokacin? Ƙarfe sha ɗaya yara ke fitowa cin abinci." Gaskiya na faɗa mata, Lurline. Ina bi ta barandar nan sau goma a rana, ba na jin komai. Baranda ce kawai, an sake mata fenti.

Na kuma faɗi abin da ya faru a makon Des na ƙarshe. Wannan ba sai na maimaita miki ba, ai kina tsaye a wurin. Yana cikin kaset yanzu, ba zan iya mai da shi ciki ba.

Kina cin kifi a can kuwa? Kawu Len ya kawo mana manya guda biyu jiya.

Glenys

*

Geelong,
22 ga Maris, 1993

Glenys,

Da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Na gane abin da kike nufi. Ban san cewa kin sani ba, ko da yake ya kamata in yi zato. Ban san kuma tun yaushe kika sani ba, ko Anti Merle ma ta sani. Lokacin da Mama ta rasu kuka aiko da kati mai kyau, har da hannun Anti Merle a ciki. Yanzu na rasa yadda zan ɗauki katin nan.

Ba na neman ki janye komai. Haƙƙinki ne. Abu ɗaya nake roƙo: ki faɗa min yaushe littafin zai fito, da kuma yadda aka rubuta wurin, don in san lokacin da ya rage min kafin in yi magana da iyalina. Akwai wata ƙawar Graham ta ƙuruciya da ke aure a kusa da Tullabong, abin ba zai ɓoyu ba.

Ki ba ni amsa ko layi biyu ne.

Lurline

*

Geelong,
27 ga Yuni, 1993

'Yar uwata Glenys,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Anti Merle. Sanyi ya shigo sosai, tsofaffinmu biyu sun rasu a wannan makon. Ni lafiya ta ƙalau.

Wata uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Na ɗauki shirun a matsayin amsa, kuma ban ga laifinki ba. Ba don ki amsa na rubuto wannan ba. Ina so ne ki ji abin daga bakina sau ɗaya, tun da ke kin faɗe shi daga naki.

Ranar Lahadin da ta wuce na zaunar da Graham da Kerryn bayan abincin rana, na ce musu kakata ba 'yar Sifaniya ba ce, Murri ce daga Mishan na Tullabong, sunanta Ivy. Graham ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "To, me ya canza?" Ya tashi ya tafi wanke mota. Tun ranar yana yi min magana a hankali kamar marar lafiya. Kerryn ce ta ce, "Shekara goma sha tara kina kallona, kin bar ni ina cewa mutane ina son in je Sifaniya in ga dangi." Ta koma ɗakinta na jami'a da yamma. Ba ta kira ba sai jiya.

Na faɗa musu maganar Des ma. Ga yadda na faɗa.

Ranar Alhamis ce, lokacin hutun rabin rana, a bakin famfo ta bayan ɗakin kimiyya. Ina tare da Rhonda 'yar mahauci da wata yarinyar. Des ya zo ya tsaya a gabana. Bai taɓa yin haka ba, shekara uku muna makaranta ɗaya ko ido ba mu taɓa haɗawa ba. Ya kira ni 'yar uwa a gabansu, ya yi min maganar gida. Na juya zan tafi, ya riƙe hannun kwat ɗina. Na ce, "Ban san ka ba. Sake ni." Ya sake ni nan take.

Rhonda ce ta ruga ofis, ba ni na aike ta ba. Amma da aka kira ni, shugaban makaranta ya tambaye ni a gaban Des, "Yaron nan ya taɓa ki?" Na ce eh. "Kin san shi?" Na ce a'a. "Akwai wani dalili da zai sa ya tare ki?" Na ce babu. Ya juya ya tambayi Des dalili, Des ya kalli ƙasa ya ce babu dalili. Aka ce ya kwashe littattafansa.

Kalma uku na faɗa, Glenys. Da na ce ɗan uwana ne, da bulala biyu zai sha a wuce wurin. Yaron da ya fi kowa lissafi a ajinsu, wanda malamin wasanni ke cewa zai kai shi gasar jiha. Na ji labarin yadda ya koma askin tumaki da aikin gonakin auduga daga bakin Mama, na ji labarin giya, na kuma ji ranar da babbar mota ta buge shi a hanya. Ina goge kwanuka ne da ta faɗa min ta waya. Na ce Allah ya ji ƙansa, na ci gaba da gugar.

Na zata in na faɗa zan ji sauƙi, ko in ji zafi. Ban ji ko ɗaya ba. Ina zuwa aiki, ina juya tsofaffi, ina ba su magani, ina dawowa.

Ki bar abin a littafin yadda kika faɗe shi. Kina iya rubutowa gida yanzu, babu sauran abin ɓoyewa.

Lurline

*

Tullabong,
30 ga Yuli, 1993

Lurline,

Muna nan da rai. Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki ranar ashirin ga Maris, tana zaune tana ɓare wake. Aka kai ta babban asibiti a birni, tafiyar awa huɗu, na bi ta. Wata huɗu ina kwana a gidan wata 'yar cocinmu, ina wuni a gefen gadonta. Mun dawo ranar Talata. Hannun dama ya tafi, ɗayan idon ma saura kaɗan, magana tana fita amma a karkace. Abin da ya sa kika ji shiru ke nan. Ba fushi ba ne, ban ma san kin rubuto ba.

Maƙwabciyata ta tara min wasiƙu a cikin kwali. Naki biyu suna ƙasa. Na tafi da su makaranta, na buɗe a kanti kafin yara su fito.

Ban sani ba, Lurline.

Ba wanda ya sani a gidanmu. Da na ce kina tsaye a wurin, taron safe nake nufi, na ranar Juma'a, da shugaban makaranta ya hau dandamali ya ce an kori wani yaro saboda ya ci mutuncin ɗaliba, ba zai faɗi sunanta ba don kare martabarta. Ku shugabannin ɗalibai kuna tsaye a bayansa da kwat ɗinku, ni ina ƙasa a layin ƙarshe, duk makaranta ta juyo tana kallona. Abin da na faɗa a kaset ke nan, ba ƙari.

Des ya ce mana da Rhonda ya yi karo a bakin famfo, ruwa ya zube mata a riga, ta kai ƙara. Mama ta sa hularta ta coci ta taka har makaranta, suka bar ta a tsaye a waje awa biyu, ba wanda ya fito. Shekara ashirin da biyar Mama ba ta sayi nama a shagon uban Rhonda ba, ko bayan da ya canza hannu. Ni ma in na ga Rhonda a gidan waya sai in tsallaka titi. Ta tsufa yanzu, tana jan ƙafa.

Des ya zauna da ni shekara biyu kafin rasuwarsa. Ya sha giya ya faɗi abubuwa iri-iri, ya zagi Turawa, ya zagi gwamnati, ya zage ni. Bai taɓa ambaton sunanki ba, sai sau ɗaya da muka ji kin zama nas. Ya ce, "Ai dama tana da kai."

Na gama karantawa na ninke, na sa a aljihun gaba. Na yanka burodi arba'in, na zuba miya, na ba yara canji. Wani yaro ya ce, "Anti, kin sa min cuku sau biyu." Na ce ya ci rabonsa ne. Har yanzu ina jira in ji abin da ya kamata in ji. Ina jin kamar an yi min allurar cire haƙori a duk jiki.

Ban faɗa wa Mama ba, ba zan kuma faɗa ba.

Abu ɗaya nake so daga gare ki. Kin ce ya yi miki maganar gida. Wace magana? Ki rubuto min ita yadda ya faɗe ta, kada ki gyara, kada ki rage. Ina da dalilin tambaya.

Glenys

*

Geelong,
9 ga Agusta, 1993

Glenys,

Na yi baƙin cikin jin labarin Anti Merle. Ki riƙa motsa mata yatsun hannun kullum ko da ba ta ji, kuma kada ki ba ta ruwa tana kwance. Mu muna nan. Ban san abin da zan ce game da sauran ba, don haka zan amsa tambayarki kawai.

Ya zo da littafin lissafi a hammata, rigarsa ta fita ta baya. Ya tsaya ya jira ko su Rhonda za su matsa, ba su matsa ba. Sai ya yi ƙasa da murya, amma kin san muryar Des. Ya ce:

"'Yar uwa, Kaka Ivy ce. Kwana uku ba ta ci komai ba, sunanki take ta kira. Ta ce ki zo ta gan ki ko ta bayan gida ne, ta hanyar kogi, ba wanda zai gan ki. Ni zan raka ki."

Rhonda ta ce, "Wa yake kira 'yar uwa?" A nan na juya, a nan ya riƙe min hannun riga, a nan na ce ban san shi ba.

Da ya sake ni, ya kalli Rhonda, ya kalle ni, sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yi haƙuri, Malama. Na ɗauka wata ce."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Ban je ba. Kaka ta rasu bayan kwana tara, Mama ta je jana'izar ita kaɗai, ta ce min in malamai sun tambaya in ce ta je ganin likitan haƙori.

Kerryn ta dawo gida a ƙarshen mako. Ta ce tana so ta zo Tullabong in an yi hutu, ta ga Anti Merle da kabarin Kaka Ivy. Na ce mata ba ni da bakin da zan tambaye ki. Ta ce in rubuta kawai, ke za ki yanke.

Lurline

*

Tullabong,
25 ga Oktoba, 1993

'Yar uwa,

Gaisuwa. Mama da sauƙi kaɗan, tana iya riƙe kofi da hagu, ta kuma fara faɗa, wanda likita ya ce alama ce mai kyau. Ina motsa mata yatsun kamar yadda kika ce. Wannan karon shirun nawa ne, ba na asibiti ba. Na fara rubuto miki sau huɗu ina yagawa.

Ni aka aika, Lurline, ba Des ba.

Mama ce ta ba ni saƙon ranar Talata da safe tana taje min kai. Ta ce, "Ke mace ce, ki bi ta banɗakin 'yan mata, ki faɗa mata a kunne in ba kowa. Kada ki bari wani ya ji." Na bi ki ranar Talata, na bi ki ranar Laraba. Sau biyu na same ki ke kaɗai kina wanke hannu, na tsaya a bayanki, kika kalle ni ta madubi, bakina ya ƙi buɗuwa. Kin yi min tsawo, ga baji, ga takalmi mai sheƙi. Ranar Alhamis a hanya na ce wa Des ya taimake ni. Ya ce, "Matsoraciya. Mutum ce fa kamar ke." Na ce to ya je shi da ba matsoraci ba. Ya ce zai je.

Da yamma na tambaye shi ko ya faɗa miki, ya ce bai samu ganinki ba, rigimar Rhonda ta sha gabansa. Na ce wa Mama na faɗa miki, ke ce ba ki zo ba. Duk shekarun nan ina zaton Kaka Ivy ta mutu tana kiranki ke ba ki sani ba, saboda ni. Na ɗauka ni ce mai laifi a wurinki.

Yanzu ban san yadda zan raba abin ba, nawa ne naki, nawa ne nawa, nawa ne na mutumin da ya yi tambayoyin nan uku yana riƙe da alƙalami. Na gwada, kaina ya yi ciwo, na bari.

An yi bikin ranar Asabar. An gasa nama, an yi jawabai, tsofaffin ɗalibai sun zo da ƙananan motoci masu kyau. Littafin shafi sittin ne. Daga kaset ɗina na awa ɗaya da rabi, layi huɗu suka shiga, kwamiti ya ce biki ne ba kotu ba. Malama Pettigrew ta zo tana ba ni haƙuri, na ce ta taya ni ɗaukar kujeru. Sunanki yana shafi na goma sha biyu cikin jerin shugabannin ɗalibai. Na Des ba ya ko'ina. Na duba sau biyu.

Ranar Lahadi na je kabarin Des na cire ciyawa. Na zauna kamar rabin awa. Na so in yi masa magana, ba abin da ya zo, sai na dawo na ɗora shinkafa.

Ki turo Kerryn. Bas ɗin Alhamis yana isowa ƙarfe huɗu saura kwata, zan tsaya a gaban gidan waya. Ke kuwa ban sani ba tukuna. Ban ce kada ki zo har abada ba, amma ba bana ba.

Na faɗa wa Mama jikar Beryl za ta zo, ta sa na sauko da zanen gado mai furanni tun yanzu. Ki gaya wa yarinyar abu biyu. Mama ba ta gani sosai, za ta shafa fuskarta da hannu, tun daga goshi har haɓa, kada ta ja baya. Kuma in za ta gaishe ta, kada ta ce Misis. Ta ce Kaka.

Glenys